Yadda Wasan Ƙwallon Ƙafa Ya Zama Sana'a a Garuruwan Masaƙa na Lankasha

A arewa maso yammacin ƙasar Ingila akwai wani lardi da ake kira Lankasha. A ƙarni na 19 babu wani wuri a duniya da ya kai wannan lardi kaɗin auduga da saƙar tufafi da inji. Jiragen ruwa sukan kawo auduga daga Amurka da Masar da Indiya, su sauke ta a Liverpool, jirgin ƙasa ya kwashe ta zuwa garuruwan masaƙa, sa'an nan 'yan kasuwar Mancesta su aika da yadin ko'ina cikin duniya. Akoko da alawayyo da suka riƙa shigowa kasuwannin Afirka ta Yamma a zamanin kakanni, da yawansu daga can suka fito.

Garuruwan nan, wato Blackburn, da Darwen, da Bolton, da Preston, da Burnley, da Accrington, suna kusa da juna ƙwarai, ga kuma hanyar jirgin ƙasa ta haɗa su. Garuruwa ne na hayaƙi da dogayen bututu, da ƙananan gidajen jan bulo a jere, inda uba da uwa da 'ya'ya duk sukan tashi da asuba su nufi masaƙa. A cikinsu ne, tsakanin shekara ta 1878 da ta 1888, aka yi wata gardama wadda ta sake kamannin wasan ƙwallon ƙafa har wa yau. Gardamar ita ce, ko ya dace a biya mutum kuɗi domin ya buga ƙwallo? Mai karatu na yanzu yana iya jin tambayar ya yi dariya. Amma a wancan lokaci an kori ƙungiyoyi daga gasa saboda ita, maƙwabta sun ɓata, har wasan ya kusa rabuwa gida biyu.

Wasan 'ya'yan manya

Mutanen da suka fara rubuta dokokin wasan ba masaƙa ba ne. A watan Oktoba na shekara ta 1863 waɗansu samari suka taru a Landan suka kafa hukumar ƙwallon ƙafa ta Ingila, wadda aka fi sani da FA. Yawancin waɗanda suka riƙe ta a farkon zamaninta 'ya'yan masu hali ne, tsofaffin ɗaliban manyan makarantun kwana irin su Eton da Harrow, da lauyoyi, da hafsoshin soja, da masu banki. A kakar wasa ta 1871 zuwa 1872 suka fara gasar Kofin FA, ƙungiyoyi 15 suka ba da suna. Daga 1872 har zuwa 1882 babu wanda ya taɓa ɗaukar kofin sai irin waɗannan ƙungiyoyi na kudu, kamar su Wanderers, da Jami'ar Oxford, da Royal Engineers, da Old Etonians.

Waɗannan mutane suna da ra'ayinsu a kan wasa. A ganinsu wasa makaranta ce ta hali, inda saurayi zai koyi jimiri, da gaskiya, da kame kai. Suna cewa in kuɗi ya shiga, neman nasara ko ta wane hali zai kori ladabi, caca da maguɗi kuma za su biyo baya. Ba dukansu ba ne masu girman kai. Arthur Kinnaird, wanda ya buga wasan ƙarshe na kofin har sau 9, ya kuma shugabanci hukumar daga 1890 zuwa 1923, mutum ne mai ibada wanda ya ba da lokacinsa da dukiyarsa ga aikin taimakon matasan Landan. Sai dai akwai abin da yawancinsu ba su lura da shi ba. Ɗan mai banki yana iya barin ofis kwana biyu ya tafi wasa, ba wanda zai taɓa masa ko sisi. Masaƙi kuwa in ya bar injinsa rabin yini, abincin gidansa ne ya ragu.

Rabin ranar Asabar

Kafin talaka ya yi wasa sai ya sami lokaci. Dokar masana'antu ta shekara ta 1850 ta ce mata da yara masu aiki a masaƙa za su yi aiki tsakanin ƙarfe 6 na safe da ƙarfe 6 na yamma, ranar Asabar kuwa a tashi da ƙarfe 2 na rana. Da yake masaƙa ba ta iya tafiya in babu mata da yara, sai maza ma suka ci moriyar dokar. Wata doka ta 1874 ta ƙara rage sa'o'in aiki. Ta haka ma'aikatan auduga na Lankasha suka riga ma'aikata da yawa na ƙasar samun hutun yammacin Asabar.

Wannan ɗan lokaci shi kaɗai ne suke da shi, gama ranar Lahadi ta sujada ce da hutawa, hukumar FA kuma ba ta yarda da wasa a cikinta ba. Sai a shekara ta 1974 manyan ƙungiyoyin Ingila suka fara wasan gasa ranar Lahadi. Saboda haka duk wani abin nishaɗi na mako sai ya taru a cikin sa'o'i kaɗan na Asabar. Mutum ya fito daga masaƙa da albashin mako a aljihu, ya wanke jiki, ya ci abinci, sa'an nan ya nemi inda zai nufa. Ga mutane da yawa, wurin da ya fi kusa shi ne gidan giya.

Majami'u da makarantun Lahadi

Wannan abu ya dami shugabannin ikilisiyoyi, gama suna ganin yadda giya take cinye albashi tana rushe gidaje. Waɗansu fastoci da malaman makarantar Lahadi suka ga cewa wa'azi kaɗai ba zai riƙe samari ba, sai an ba su abin yi. Da rani suna da wasan kurket, amma da hunturu babu kome. Sai suka ɗauki ƙwallon ƙafa.

A Bolton, a shekara ta 1874, Rabaran Joseph Farrall Wright na majami'ar Christ Church, tare da malamin makarantarsa Thomas Ogden, suka kafa wa samarinsu ƙungiya. A Liverpool, samarin majami'ar Metodis ta St Domingo suka fara tasu a 1878, wadda ta koma Everton bayan shekara guda. A unguwar Gorton ta Mancesta mutanen majami'ar St Mark suka kafa ƙungiya a 1880, ita ce asalin Manchester City. Haka abin yake a tsakiyar ƙasar ma, inda Aston Villa ta fito daga samarin wata majami'ar Metodis a 1874, Wolverhampton Wanderers kuma daga makarantar St Luke a 1877.

Waɗansu ƙungiyoyi daga wurin aiki suka fito. Ma'aikatan kamfanin jirgin ƙasa na unguwar Newton Heath sun kafa tasu a 1878, wadda ta zama Manchester United a 1902. Waɗansu kuma 'ya'yan masu hali na lardin ne suka dawo da wasan daga makaranta, suka koya wa samarin garinsu, kamar yadda aka yi a ƙauyen Turton a 1871, da kuma Darwen. Blackburn Rovers, wadda aka kafa a 1875, tsofaffin 'yan makaranta ne suka fara ta.

Zaman ƙungiyoyin a ƙarƙashin ikilisiya bai daɗe ba. A 1877 samarin Bolton suka sami saɓani da fastonsu a kan ƙa'idodin da ya sa musu, suka fita, suka ɗauki sunan Bolton Wanderers, wato masu yawo, domin ba su da wurin zama na kansu. Da ƙungiya ta fara cin wasa, sai ta nemi gwanaye ko da ba 'yan majami'ar ba ne, ta nemi fili, da ɗakin sake tufafi, da wurin taron kwamiti. Sau da yawa mai gidan giya ne yake da waɗannan abubuwa, yana kuma murnar bayarwa, gama ya san 'yan kallo a wurinsa za su ƙare.

Darwen ta je Landan

A farkon shekara ta 1878 wata ƙungiya daga Glasgow ta ƙasar Sikotilan, mai suna Partick, ta zo wasa Darwen. Kafin shekarar ta ƙare biyu daga cikin 'yan wasan Partick, James Love da Fergus Suter, sun dawo garin da zama. Suter magini ne mai sassaƙar dutse. Bai daɗe ba ya bar sana'ar, ana cewa wai dutsen Lankasha ya yi masa tauri, amma kowa ya ga yana ci yana sha, yana sa tufa mai kyau. Mutanen gari ba su buƙaci a gaya musu inda kuɗin yake fitowa ba. Shi ya sa ake lissafta su biyun nan cikin na farko da suka mai da ƙwallo hanyar cin abinci.

Akwai dalilin da ya sa aka nemi mutanen Sikotilan. 'Yan makarantun Ingila sun saba mutum ya riƙe ƙwallo a ƙafarsa ya kutsa, sauran su bi bayansa a guje. 'Yan Sikotilan kuwa sun gwanance a miƙa wa juna ƙwallo, kowa yana tsaye a wurinsa. Wannan dabara ta dace da ma'aikatan masaƙa, waɗanda yawancinsu ba su kai 'ya'yan masu hali tsawo da nauyi ba.

A watan Fabrairu na 1879 Darwen ta kai zagayen ƙungiyoyi shida na ƙarshe a Kofin FA, aka haɗa ta da Old Etonians. Ƙa'idar lokacin ta ce a filin Oval na Landan za a yi wasan, tafiyar sama da kilomita 300. Garin kuwa yana cikin ƙunci, gama a 1878 masu masaƙa sun rage albashi da kashi 10 cikin 100, aka yi dogon yajin aiki da tarzoma, ma'aikata kuma ba su yi nasara ba. Duk da haka mutane suka yi karo-karo, kwabo da sisi, aka sami kuɗin jirgi.

Saura minti 15 a tashi, Old Etonians suna da ci 5, Darwen tana da 1. Sai 'yan Darwen suka zuba ƙwallo huɗu a raga, aka tashi 5 da 5. Suka roƙa a ƙara lokaci a gama a ranar, abokan karawarsu suka ƙi. Aka sake tara kuɗi, suka koma Landan a watan Maris, aka yi kunnen doki 2 da 2. A karo na uku, bayan sun yi aikin mako a masaƙa sun kuma sha doguwar tafiya, aka cinye su 6 da 2. Labarin ya bazu cikin jaridu, mutane da yawa suka ga rashin adalcin abin. Daga nan hukumar ta fara shirya zagayen farko na gasar yanki-yanki domin a rage tafiya.

A 1880 Suter ya bar Darwen ya koma maƙwabciyarta Blackburn Rovers, mutanen Darwen kuwa suka ce saye aka yi. Da ƙungiyoyin biyu suka haɗu a watan Nuwamba na shekarar, gaban dubban 'yan kallo, faɗa ya kaure tsakanin Suter da wani ɗan wasan Darwen, jama'a suka afka cikin fili, aka tsai da wasan. Ƙwallo ta riga ta zama maganar darajar gari, mutane kuma suna shirye su biya a ƙofa domin su gani.

Kofi ya hau arewa

A 1882 Blackburn Rovers ta kai wasan ƙarshe, Old Etonians suka cinye ta 1 da nema. Shekara ta gaba wata ƙaramar ƙungiya ta garin, Blackburn Olympic, ita ta kai. 'Yan wasanta masaƙa ne, da mai kaɗi, da mai gyaran famfo, da ma'aikacin ƙarfe, da yaron likitan haƙori. Wani mai masana'antar narka ƙarfe, Sydney Yates, shi ne yake tallafa musu da kuɗi. Mai koyar da su, Jack Hunter, ya yi abin da ba a saba gani ba, ya kwashe su zuwa Blackpool a bakin teku suka yi kwanaki suna motsa jiki suna cin abinci mai kyau. Masu sukar abin suka tambaya, wa ya biya wa masaƙi albashin kwanakin da bai je aiki ba?

A ran 31 ga Maris 1883 Olympic ta ci Old Etonians 2 da 1 bayan ƙarin lokaci, wani saurayi mai suna Jimmy Costley ya jefa ƙwallon nasara. Aka kawo kofin Blackburn da kaɗe-kaɗe. Tun daga ranar nan ƙungiyar 'yan sha'awa ba ta ƙara ɗaukarsa ba. Rovers ta biyo baya ta ɗauke shi sau uku a jere, a 1884, da 1885, da 1886, Suter yana cikinsu duka.

Ɓoye ya ƙare

A 1882 hukumar FA ta hana biyan ɗan wasa abin da ya wuce kuɗin tafiya da albashin da ya rasa. Amma ƙungiyoyin Lankasha suna da hanyoyinsu. A nema wa baƙo aiki mai sauƙi a masaƙar wani ɗan kwamiti, ko a ba shi riƙon gidan giya, ko ya tarar da kuɗi a cikin takalminsa bayan wasa. Waɗansu suna ajiye littafin lissafi biyu, ɗaya na nunawa, ɗaya na gaskiya. Dokar da aka yi domin tsare gaskiya ta koya wa mutane ƙarya. A 1883 aka kori Accrington daga gasar kofi saboda biyan wani ɗan wasa.

Wanda ya fasa ƙwan shi ne William Sudell, manajan wata masaƙa a Preston, wanda yake riƙe da ƙungiyar Preston North End. Ya kawo gwanaye daga Sikotilan, kamar Nick Ross, ya samar musu aiki. A watan Janairu na 1884 Preston ta yi kunnen doki 1 da 1 da Upton Park, wata ƙungiyar 'yan sha'awa ta Landan, sai baƙin suka kai ƙara. Da aka kira Sudell gaban hukumar, bai yi ta kewaye-kewaye ba. Ya amsa cewa ƙungiyarsa tana kawo 'yan wasa daga nesa tana samar musu abin zaman gari, ya kuma nuna cewa haka manyan ƙungiyoyin lardin duka suke yi. Aka kori Preston daga gasar.

Hukumar ta ƙara tsananta dokoki. Sai a watan Oktoba na 1884 wakilan ƙungiyoyi sama da 30, yawancinsu na Lankasha, suka taru a Mancesta suka ce za su ɓalle su kafa tasu hukumar. A nan ne sakataren FA, Charles Alcock, ya nuna hangen nesa. Ko da yake shi ɗan Harrow ne, ya ce abin da ba a iya hanawa gara a fito da shi fili a sa masa ƙa'ida, kamar yadda aka daɗe ana yi a wasan kurket. Bayan taro da yawa, a ran 20 ga Yuli 1885 aka halatta biyan 'yan wasa. Aka sa sharaɗi cewa a gasar kofi sai wanda aka haifa, ko ya zauna shekara biyu, cikin mil 6 daga mazaunin ƙungiyar. A 1889 aka janye wannan sharaɗi. Sikotilan ba ta halatta albashi ba sai a 1893, shi ya sa gwanayenta suka yi ta kwarara kudu. Masu wasan zari-ruga kuwa, da irin wannan gardama ta same su, ba su iya sasantawa ba, wasansu ya rabu biyu a 1895.

Gasar lig

Halatta albashi ya kawo sabuwar damuwa. Albashi kowane mako ake biyansa, kuɗin ƙofa kuwa ba shi da tabbas. In aka fitar da ƙungiya daga gasar kofi da wuri, sai ta dogara ga wasannin sada zumunci, waɗanda sau da yawa akan soke su a ƙurarren lokaci, ko baƙi su zo da rabin 'yan wasa. 'Yan kallo kuma ba sa son biyan kuɗi su ga wasan da ba shi da armashi. A 1887 Preston ta ci Hyde 26 da nema a gasar kofi.

Wanda ya kawo mafita shi ne William McGregor, mutumin Sikotilan mai kantin yadi a Birmingham, ɗan kwamitin Aston Villa, mai riƙon addini wanda ba ya shan giya. A ran 2 ga Maris 1888 ya rubuta wa waɗansu manyan ƙungiyoyi wasiƙa, yana ba da shawara su shirya wasanni tabbatattu, kowace ta kara da kowace, gida da waje, kowace shekara. Aka yi taro a Landan a watan Maris, aka kammala a Mancesta ran 17 ga Afrilu. Ƙungiyoyi 12 suka shiga. Shida daga Lankasha: Accrington, da Blackburn Rovers, da Bolton Wanderers, da Burnley, da Everton, da Preston North End. Shida daga tsakiyar ƙasar: Aston Villa, da Derby County, da Notts County, da Stoke, da West Bromwich Albion, da Wolverhampton Wanderers. Babu ko ɗaya daga Landan ko kudu, sai a 1893 da Woolwich Arsenal ta shiga.

Aka fara wasa ran 8 ga Satumba 1888. Har an yi makonni ana bugawa kafin a daidaita cewa nasara maki 2 ce, kunnen doki maki 1. Preston ta buga wasa 22, ta ci 18, ta yi kunnen doki 4, ba wanda ya cinye ta. A kakar nan kuma ta ɗauki Kofin FA ba tare da an jefa mata ƙwallo ko ɗaya ba, ta ci Wolverhampton 3 da nema a wasan ƙarshe na 1889. Wannan ita ce gasar lig ta farko a duniya, tsarinta ne kuma sauran ƙasashe suka ara.

Jama'a suka yi ta ƙaruwa. A 1890 aka tsai da cewa mafi ƙarancin kuɗin shiga ga namiji sisi ne. Wasan ƙarshe na kofi, wanda mutum wajen 2,000 suka kalla a 1872, ya tara sama da 110,000 a 1901. Ƙungiyoyi suka zama kamfanoni domin su sami kuɗin gina wuraren zama. A 1896 hukumar FA ta ƙayyade ribar masu hannun jari, kada ta wuce kashi 5 cikin 100, saboda haka masu masaƙa da masu kanti da suka zama darektoci suna ne da girma suka fi samu, ba dukiya ba.

Abin da kuɗi ya ci

Kuɗin da ya buɗe wa talaka ƙofa bai bar kowa a tsaye ba. Tun da yawan 'yan kallo ne yake biyan albashi, babban gari ya fi ƙarami ƙarfi, gari guda kuma da wuya ya ɗauki manyan ƙungiyoyi biyu. Blackburn Olympic, wadda ta fara kawo kofi arewa, Rovers da waɗansu suka kwashe gwanayenta, ba a kuma sa ta cikin lig ba. Ta mutu a 1889, shekara shida bayan nasararta. Accrington ta fita daga lig a 1893, ta rushe a 1896. Mutanen Blackburn sun wuce 100,000, na Darwen ba su kai sulusin haka ba. Darwen ta shiga lig a 1891, amma a kakar 1898 zuwa 1899 aka cinye ta sau 18 a jere, aka jefa mata ƙwallo 141, ta fita ba ta ƙara komowa ba.

A Liverpool tsohuwar jayayya tsakanin majami'a da gidan giya ta sake tasowa. Everton tana wasa a filin Anfield a ƙarƙashin John Houlding, mai kamfanin giya, 'yan wasa kuma a otal ɗinsa suke sake tufafi. Da ya ƙara kuɗin haya, 'yan kwamiti da yawa suka ƙi, George Mahon, mai kaɗa ogan a majami'ar St Domingo, yana gabansu. A 1892 suka tashi suka koma Goodison Park. Houlding ya ga an bar shi da fili babu ƙungiya, sai ya kafa Liverpool, ya cika ta da 'yan Sikotilan.

'Yan wasa ma ba su sami 'yancin da suka zata ba. Daga 1893 aka kafa tsarin da ya ba ƙungiya ikon riƙe sunan ɗan wasa ko da yarjejeniyarsa ta ƙare, ba shi da damar koma wata sai da yardarta, yawanci kuma sai an biya ta. A 1901 aka ƙayyade albashi, kada ya wuce fam 4 a mako. Kuɗi ne mai auki in an gwada da na masaƙi, amma sana'ar gajeruwa ce, karaya guda tana iya ƙarasa ta. A 1905 Middlesbrough ta biya Sunderland fam 1,000 domin Alf Common, kuɗin kuwa aljihun ƙungiya ya shiga. A 1907 Billy Meredith da abokansa suka kafa ƙungiyar ƙwadago ta 'yan wasa a Mancesta. Ba a soke iyakar albashi ba sai a 1961, kotu kuma ta karya tsarin riƙe suna a 1963.

Sudell kansa bai ƙare da daɗi ba. A 1895 aka same shi da laifin ɗibar dubban fam daga masaƙar da yake wa aiki, kuɗin da ya yi ta zubawa cikin hidimar ƙungiya, aka ɗaure shi shekara uku. Da ya fito ya ƙaura zuwa Afirka ta Kudu, a can ya mutu a 1911.

Ɗan Gana a ragar Preston

Cikin waɗanda suka yi wa Sudell wasa akwai wani ɗan Afirka ta Yamma, Arthur Wharton. An haife shi a 1865 a unguwar Jamestown ta Ankara, a ƙasar da yanzu ake kira Gana. Mahaifinsa, Henry Wharton, ɗan mishan ne na Metodis daga tsibirin Girinada, mahaifiyarsa kuma daga babban gida na Fanti ta fito. An aika da shi Ingila a 1882 domin ya yi karatu ya bi sawun mahaifinsa, amma wasa ya ja shi. A 1886 ya ci gasar gudu ta ƙasar, ya gama yadi 100 cikin daƙiƙa 10. Ya tsare wa Darlington gida, sa'an nan Preston, wadda ya kai da ita wasan kusa da na ƙarshe na kofi a 1887. Ya bar ta kafin shekararta ta babbar nasara. A 1889 ya sa hannu da Rotherham Town a kan albashi, shi ya sa ake ɗaukarsa baƙar fata na farko da ya yi ƙwallo a matsayin sana'a.

Ya daina wasa a 1902. Daga baya ya yi shekaru yana aikin ƙarfi a mahaƙar kwal ta Edlington a lardin Yorkshire, ya mutu a 1930 ba shi da kome, aka binne shi a kabarin da babu ko alama. Sai a 1997 waɗansu suka tara kuɗi suka kafa masa dutse da sunansa. Irin ƙarshensa ne ya sami da yawa daga cikin 'yan wasan farko, waɗanda suka koma masaƙa ko rami sa'ad da ƙafa ta gaji.

Mutanen kudu da suka ji tsoron kuɗi ba su yi ƙarya ba, gama sun hango maguɗi da cinikin mutane, an kuwa gani. Amma dokarsu, da ta tsaya, da wasan ya zauna a hannun waɗanda suke da halin yinsa kyauta. Masaƙan Lankasha ne suka tilasta a yarda cewa gwanin da ba shi da gado yana da hakkin a biya shi. Masaƙun da suka haifi wannan gardama an rufe kusan dukansu a ƙarni na 20. Cikin ƙungiyoyi 12 na 1888 kuwa, Accrington kaɗai ce ta ɓace, sauran 11 suna nan suna wasa. Lokacin da aka saba fara wasa a Ingila har yanzu shi ne ƙarfe 3 na yammacin Asabar, wato daidai lokacin da zai ishi masaƙi ya tashi daga aiki, ya ci abinci, ya iso fili da sisinsa a hannu.